Godiya ga waɗanda suka taya ni tada kyamarar Baba

Alhamdulillahi. Jama'a, kyamarar marigayi mahaifinmu ta tashi, kuma hotunan da na ɗauka ranar ɗaurin auren ƙanwata sun fito tas daga wanki. Tun da na fara damun mutane da maganarta wasu suke tambaya ina aka kwana, to ga amsa, ga kuma godiya.

Zorki 4 ce, ƙirar masana'antar KMZ da ke Krasnogorsk kusa da Mosko, irin waɗanda aka yi tsakanin 1956 da 1973. Baba ya dawo da ita daga karatu a Tarayyar Sobiyet, ta shekara da shekaru a akwati. Ciwonta a labule yake. Irin waɗannan kyamarori labule biyu gare su na baƙin ƙyalle mai shafen roba, suna gudu a gaban fim: na farko ya buɗe, na biyu ya bi shi ya rufe, tazarar da ke tsakaninsu ita ce hasken da fim ke samu. Da na haska tocila ta baya a ɗaki mai duhu, sai ga huji birjik a labulen farko, robar ta bushe tana marmashewa. Ɗaya daga cikin hujin ma ƙuna ce, don kyamarar ba ta da madubi a ciki, in aka bar ta tana kallon rana babu murfi, gilashin kan tara zafin ya huda ƙyallen.

Godiyata ta farko ga Baba mai gyaran agogo na bakin kasuwarmu. Bai taɓa buɗe kyamara ba, amma shi ya ara mini ƙananan sukundirebobi da hantsaki, ya kuma hana ni abin da kowa ke gaggawar yi, wato ƙara wa sifirin da ke jan labulen ƙarfi. Cewa ya yi, "Ɗana, wanke tukuna. Tsohon giris ne ya daskare, ba sifirin ne ya gaji ba." Haka kuwa aka yi. Da na goge ƙafafun injin da man laita, na ɗiga mai kaɗan da bakin allura, sai gudun ya dawo kusan daidai. A ganina wanda ya fara da murɗa sifirin ɓarna yake saye, don kirtanin labulen ne zai tsinke daga baya.

Sai Malam, tsohon mai hoto na unguwarmu, Allah ya ƙara lafiya. Shi ya sa na yi alama da fensir a jikin gangar da labulen ke naɗewa a kai kafin in ɓamɓare tsohon labule, domin in gam ya kama a karkace ko da milimita ɗaya, tazarar ta tashi daga daidai. Shi ne kuma ya gano dalilin da gefen hoto ke yin duhu a gudun 1/1000 na daƙiƙa: labule na biyu ne ke cim ma na farko kafin su ƙetare milimita 36 na faɗin hoton. Muka riƙa sassauta shi kaɗan-kaɗan, muna leƙawa ta taga, har hasken ya cika daga gefe zuwa gefe. Kuma kullum sai ya nanata kada a canza gudu sai an ja fim, in ba haka ba a karya injin.

Na gode wa ɗan yayata da ya aiko da ƙyallen da kirtani daga Jamus, da uwargida da ta haƙura da teburin cin abinci, ta kuma kare mini shi daga yara da ƙurar hunturu. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya jiƙan Baba da rahama.

Sauran ƙyallen zai ishi kyamara guda. Duk mai kyamarar Sobiyet irin su Zorki ko FED ko Zenit a ajiye, ya yi mini magana, kyauta ne.