Aka ce in jira awa 48, ashe ba jira ne maganin ba

Makon jiya na kwashe shafina daga tsohon kamfanin hostin, wato mai ajiye shafin a sabarsa (kwamfutar da ke riƙe da shi a intanet), zuwa wani sabo, don tsohon ya fara yi min nawa, sai ka danna ka zauna kana kallon farin allo. Kwashe fayiloli da rumbun bayanai bai ba ni wata wahala ba. Kafin in taɓa domen, wato sunan shafin a intanet, ma sai da na gwada, na buɗe fayil ɗin nan na hosts da ke kwamfuta (a Windows yana cikin System32, drivers, etc) na rubuta lambar IP, wato adireshi, ta sabuwar saba da sunan shafin a gabanta, na loda, ya buɗe tsaf. Sai na shiga wurin da na yi rajistar domen ɗin, na goge nemsaba biyu na tsohon kamfani, wato sabobin da ke faɗa wa duniya inda shafin yake, na liƙa na sabon, na rufe kwamfuta na kwanta ina jin na gama aiki.

Washegari da safe saƙo ya fara shigowa, wane ya ce shafi ba ya buɗewa, wance ta ce ita a wurinta yana buɗewa amma a wayar ƙanwarta ya ƙi. Ni kuwa in na gwada a kwamfutata lafiya lau, har na fara cewa matsalar netiwok ɗinsu ce. Sai da rana ta yi na tuna ashe layin da na saka a hosts yana nan ban goge ba, wato kwamfutata ba ta ma tambayar DNS, tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa lambar IP, kai tsaye take zuwa sabuwar saba. Ina gogewa ni ma na shiga sahun masu kuka. Kai, na ji kunyar kaina ranar.

Na rubuta wa masu taimakon kwastoma, amsar da kowa ya sani suka ba ni, wai in yi haƙuri in jira awa 24 zuwa 48 canjin ya gama yaɗuwa. To maganar tana da tushe, ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Duk domen da ya ƙare da .com, irin nawa, kamfanin Verisign ce ke riƙe da rajistarsa, kuma sabobinta in sun faɗa wa mai tambaya ga nemsaban wannan domen, suna haɗawa da TTL, wato wa'adin riƙe amsa, na daƙiƙa 172800, in ka raba kwana biyu ne cif. Ma'ana duk sabar da ta taɓa tambaya tana da izinin riƙe tsohuwar amsa har kwana biyu kafin ta sake tambaya. Babu wani abu da yake tafiya gari-gari yana yaɗuwa fa, kowace saba ce dai take jiran abin da ta ajiye ya ƙare wa'adi.

Amma nan ne abin ya fara yi min wani iri. Ni ban rufe tsohon hostin ba, yana nan da rai. Ke nan wanda sabarsa ke riƙe da tsohuwar amsa ya kamata ya ga tsohon shafi, wanda ta sabunta ya ga sabo, ba wanda ya kamata ya ga kuskure kwata-kwata. Kuma abin da ya fi ɗaure min kai, maimakon masu ƙorafi su ragu da tafiyar lokaci sai ƙaruwa suke, wanda ya ce min da safe yana buɗewa da yamma ya dawo ya ce shi ma ya mutu. Jira ba ya yin haka, in jira ne abin sauƙi yake yi ba tsanani ba.

Sai na koma tambayar DNS ɗin da kaina. Na rubuta umarnin dig @8.8.8.8 da sunan domen, wato ina tambayar sabar Google, ta dawo min da SERVFAIL. Na gwada 1.1.1.1 ta Cloudflare, ita ma haka. A lura, ba NXDOMAIN ba ne, shi NXDOMAIN cewa yake babu wannan suna, SERVFAIL kuwa cewa yake na nema amma na kasa samo amsar da zan iya ba ka. Da na tambayi sabon nemsaba kai tsaye ya ba ni IP daidai ba gardama. Sai na maimaita tambayar Google ɗin na ƙara +cd a ƙarshe, wanda yake cewa kar ki duba sa hannun DNSSEC, nan take amsa ta fito. Shi ke nan, ɓarawo ya kamu.

Ashe wajen shekara biyu da suka wuce na taɓa kunna DNSSEC, irin ka ga maɓalli an rubuta ƙarin tsaro ka danna ka manta. Yadda abin yake, tsohon kamfani ne ke sa wa bayanan domen ɗina hannu da makullinsa, sannan akwai wani rikodi da ake kira DS da ke zaune a can sama wurin rajista yana shaida wa duniya cewa duk amsar da ba ta ɗauke da sa hannun wannan makulli kar a yarda da ita. Na canza nemsaba na bar DS ɗin a wurinsa. Sabon kamfani ba shi da wancan makulli, to duk sabar da take tantance DNSSEC, irin ta Google da ta Cloudflare, sai ta ɗauka wani ne ke ƙoƙarin yin sojan gona da sunana ta ƙi ba da amsa, wadda ba ta tantancewa kuma ta wuce abinta. Shi ya sa wasu ke gani wasu ba sa gani, kuma shi ya sa yake ƙara muni, don duk sabar da tsohuwar ajiyarta ta ƙare sai ta faɗa ramin. Da na bi shawarar jira, da bayan awa 48 ɗin ne ma shafin zai fi mutuwa. Na saka sunan a DNSViz, wani shafin bincikar DNSSEC, don in tabbatar, jajayen alamomi suka fito daidai tsakanin com da domen ɗina.

Gyaran minti biyu ne, na koma wurin rajista na cire DS. Sai dai shi ma yana da nasa TTL na 86400, kwana guda, don haka wannan karon jiran na gaske ne. Google da Cloudflare duk suna da shafin da za ka saka domen su zubar da abin da suka ajiye, na yi hakan, a kwamfuta kuma na buga ipconfig /flushdns don ita ma ta zubar da nata. Tsarin da ya kamata in bi tun farko shi ne in cire DS, in bari kwana ɗaya ya wuce, sannan in canza nemsaba, in komai ya zauna in kunna DNSSEC a sabon wuri in saka sabon DS. Satifiket ɗin tsaron shafi (HTTPS) na Let's Encrypt ma da ya yi ta ƙin fitowa, ana gyara wannan ya fito da kansa.

Ina murna an gama, sai na lura tun jiya ba imel ko ɗaya da ya shigo. Wannan kam laifina ne tsantsa. Canza nemsaba ba adireshin shafi kaɗai yake canzawa ba, duk littafin bayanan domen ne ka miƙa wa wani, kuma sabon kamfani ba ya kwafo tsohon, nasa yake ƙirƙira. Imel ɗina a wani kamfani daban yake, amma sabon ya saka MX, rikodin da ke faɗin inda za a kai imel, yana nuna sabarsa, rikodin TXT na SPF da DKIM, masu shaida cewa imel daga wurina ya fito, kuwa babu su sam. Har na ɓata kusan rabin awa ina gyara MX a shafin masu rajista ina mamakin me ya sa ba ya canzawa, alhali tunda nemsaba ba nasu ba ne, duk abin da na rubuta a can ba mai karanta shi. Allah ya taimake ni tsohon akawun yana nan, na buɗe shi gefe guda na riƙa kwafowa layi-layi. A cPanel, allon sarrafa sabon hostin, kuma sai da na shiga wurin tura imel na gaya masa akwatin a waje yake, in ba haka ba duk saƙon da shafin ya aika wa adireshina sai ya tsaya a cikin gida.

Saƙonnin da aka turo lokacin SERVFAIL yawancinsu sun iso daga baya, don sabobin imel in suka ga matsala ta wucin gadi suna ci gaba da gwadawa na 'yan kwanaki. Waɗanda suka faɗa hannun MX mara kyau kuwa an mayar wa masu su da cewa babu wannan akwati, su kam sun tafi, sai da na bi mutum biyu na roƙe su su sake turowa.

Tsohon hostin dai har yanzu ban rufe shi ba, na bar masa sati guda tukuna. DNSSEC kuma na mayar da shi jiya da sabon makulli, na rubuta a takarda na manna a gefen allo cewa akwai DS a kan domen ɗin nan.