Godiya bayan an sauko da ƙaninmu daga dutsen Tatra

Alhamdu lillahi. An sallami ƙaninmu daga asibitin Zakopane, yanzu yana ɗakinsa a Krakow. Ƙafar na ɗaure, yana cin abinci, har ya fara tsokanar mutane yadda ya saba. Kun bi abin tun daren da muka nemi addu'a, bayan ya zame a dutsen Tatra na ƙasar Polan ya ji rauni a ƙafa, ba sai an maimaita ba. Gajiya ce ta hana mu amsa kira da saƙonni da yawa, a yi mana uzuri.

Bayan Allah, godiyarmu ta farko ga mutanen TOPR ce, ƙungiyar ceton masu hawa dutse ta yankin Tatra, wadda ke wannan aiki tun 1909. Hazo ya hana jirginsu mai saukar ungulu tashi da wuri, amma ba su bar yaron cikin duhun kai ba. Sun riƙa kira suna tambayar ko yana motsa yatsun ƙafa, ko yana rawar ɗari, ko maganarsa ta fara sarƙewa. Da gari ya ɗan buɗe suka zuro mutum da igiya, suka ɗaure ƙafar, suka ɗauke shi. Ko kwabo ba su karɓa ba, domin a ɓangaren Polan ceto kyauta ne.

Sai baiwar Allahn nan da ba mu san sunanta ba, dattijuwa mai furfura, tana saukowa ita da mijinta suka tarar da shi. Abin da ta fara yi shi ne ta zazzage jakarta, ta tura jakar ƙarƙashinsa, domin ƙanƙarar da mutum ke kwance a kai ta fi iska saurin zuƙe ɗumin jiki. Ta nannaɗe shi da bargon leda mai ƙyalli da masu hawa dutse ke yawo da shi, ta ɗora rigar sanyinta a kai, ta hana abokansa cire masa takalmi. Wayar yaran duk sanyi ya kashe musu batir, da tata aka kira. Ƙaninmu ya ce lokacin da tsoro ya kama shi ya fara salati da ƙarfi, ba ta san me yake faɗa ba, sai ta riƙe hannunsa tana gyaɗa kai har ya natsu. Da jirgi ya tashi ta ɗauki jakarta ta ci gaba da sauka da 'yar shara. Rigar tana wurinmu. Allah Ya saka mata da mafificin alheri, Ya raba ta da ganin irin wannan rana a kan nata.

Da yawa kun tambayi yadda aka yi, tunda hotunan farko sun nuna su a bakin tafki suna dariya. Hanyar tafkin Morskie Oko ce ke yaudarar baƙo. Daga Palenica Białczańska, inda mota ke tsayawa, kusan kilomita 9 ne na kwalta, tafiyar awa biyu da ɗoriya. Za ka ga masu tura keken jarirai, ga keken doki da ke ɗaukar mutane. Tafkin yana kan tudun mita 1395, akwai masauki da shayi mai zafi a bakinsa. Wanda ya iso nan da kambas bai ji komai ba sai ya ɗauka sauran ma haka ne. Daga nan zuwa wani tafki, Czarny Staw, a mita 1583, matakalan dutse ne na kimanin awa guda, har yanzu da sauƙi. Daga Czarny Staw zuwa Rysy, ƙololuwa mafi tsayi a Polan mai mita 2499, wani dutse ne dabam. Gangaren yana kallon arewa, rana ba ta daɗewa a kansa, don haka tsohuwar dusar ƙanƙara na kai wa watan Yuni ba ta narke ba. Da rana samanta ya yi laushi, inuwa na sauka ta daskare ta yi santsi. A saukowa aka fi zamewa, lokacin da gwiwa ta gaji, kuma a nan ƙaninmu ya zame.

Mai niyyar wuce Czarny Staw alhali akwai dusar ƙanƙara, sai da takalmi mai tauri mai rufe idon sawu, da ƙarfen ƙafa mai dogayen haƙora da 'yan ƙasar ke kira raki, da gatarin ƙanƙara, kuma ya san yadda ake tsayar da kai da shi in an zame. Ƙananan ƙusoshin roba da ake sayarwa a titin Krupówki na Zakopane, wato raczki, na hanyoyin kwari ne, ba su riƙe mutum a wannan gangare. Hawa daga tafkin Morskie Oko zuwa ƙololuwa na cin kusan awa huɗu, a sama kuma sai an kama sarƙa, shi ya sa ake fita da asuba. Duk mita 100 da aka hau sanyi na ƙaruwa da fiye da rabin digiri, ban da iska. A ajiye lambar kiran masu ceto, 985 ko 601 100 300, a sa manhajar Ratunek da ke nuna wa masu ceto inda kake, wayar kuma ta zauna a aljihun ciki kusa da jiki. Iyaka da Sulobakiya a kan ƙololuwar take. Wanda ya faɗi ta can ɓangaren, kuɗin ceto a kansa yake in ba shi da inshora.

Inna ta ce daga yau babu ɗanta da zai ƙara zuwa wurin. Inna, a yi haƙuri, wurin ba shi da laifi. Akwai inda za a kai ki ke kanki. Gubałówka ƙaramin jirgin ƙasa ke hawa da mutum cikin 'yan mintuna, ga dukkan tsaunukan a gabanki. Kasprowy Wierch, mai mita 1987, motar igiya ke kai mutane tun 1936, daga Kuźnice. Kwarin Kościeliska shimfiɗaɗɗe ne, rafi na bin gefen hanya. Dutsen Giewont mai gicciyen ƙarfe a kai ne muke roƙon a guje masa da zarar hadari ya haɗu, domin a watan Agustan 2019 tsawa ta faɗa a can ta kashe mutum huɗu, ta raunata fiye da ɗari, sarƙoƙin da ake kamawa suka ɗauki wutar.

Ɗalibai 'yan uwanmu na Krakow, ku da kuka riƙa hawa bas ta fiye da awa biyu kuna karɓa-karɓar jinya, wasu ma ana jibi jarrabawa, ba mu da bakin gode muku. Malam da ya tsaya mana tafinta wurin likitoci, ya ce kada a ambace shi, to Malam, ga shi mun ambata. Yaya Babba da ta dafo farfesu ta aiko cikin kula, Kawu da ya sa aka yi saukar Alƙur'ani a gida, da maƙwabtan da suka zauna da Inna har gari ya waye, Allah Ya biya ku, Ya tsare muku zuriya, Ya sa ku gama da duniya lafiya, Ya sa kada ku taɓa neman taimako ku rasa. Akwai na jini da ke nan Turai, tafiyar jirgin ƙasa kawai tsakaninmu, da har yau ko gaisuwa ba mu gani ba. Wataƙila saƙon bai kai ba. Allah Ya sa lafiya.

Likita ya ce kada ƙafar ta taka ƙasa sai an sake ɗaukar hoto. Masu son zuwa dubiya ku zo bayan la'asar, da safe yana barci saboda magani. In akwai mai jin yaren Polan sosai, muna neman wanda zai rubuta mana sanarwar da za a manna a masaukin Morskie Oko, ko Allah zai sa mai rigar ta gani.