Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Gonar Gawo

Makon jiya na tsaya a rasuwar Baffa. Niyyata in wuce zuwa aurena, amma maganar gonar gawo ta tsaya mini a rai, sai na fitar da ita tukuna.

Baffa, Allah ya jiƙansa, yakan ce, "Gona ciki gare ta." Yana faɗa yana dumbuzar ƙasa ya kai hanci. Gonar tana bayan ƙauyenmu a ƙasar Akko, ba nisa da Kumo. Ƙasarta baƙa ce. Ka dunƙule ta da damina ta riƙe kanta, ka murje ta ta warware kamar dambu, ga tana na motsi a ciki. Gawo bakwai ne a tsaye. Halin gawo kowa ya sani: damina ta faɗi ya kaɗe ganye, rani ya yi kore shar. Ganyen ya ruɓe a gindinsa, shanun Fulani su wuni a inuwar suna cin 'ya'yansa, su bar mana kashi. Dawar gindin gawo ta fi ta ko'ina zangarniya. Kuma Baffa ba ya nome gonar duka, kullum akwai ɓangaren da ya bari saura.

Ya rasu shekarar farin 1984, gona ta koma hannun Yaya. Takin zamani ya riga ya wadata tun zuwan shirin noma na Bankin Duniya Gombe a 1975, kowa idonsa na kan masara. Yaya ya ɗauko hayar tarakta, direban ya ce saiwa za ta karya masa garma. Da asuba na ji sara. Na ce, "Yaya, don Allah a bar ko biyu." Ya ce, "Kai da ke makaranta, yaushe ka san gona?" A gaban 'yan ƙwadago ya faɗa. Goggo tana ji ba ta ce uffan ba, wannan shirun ma ban manta ba.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, shekara uku masara ta yi kyau. Ya sa wa gida kwano, ya ƙara aure. Amma saura ta ƙare, kara kuma ko a sayar ko a cinna masa wuta lokacin sharar gona. Gona ciki gare ta, mu kuwa kwasa kawai muke yi. Ƙasar ta fara ja, ta koma fako, ruwa ya sauka ya gudu ya bar kwari a gefen gabas, ƙuduji ya mamaye dawa. Buhun taki biyu ya zama huɗu, amfanin bai kai na da ba.

Ni ma na bar garin, na daɗe ban waiwaya ba. Wannan laifina ne.

Sai da 'yata ta biyu ta shiga Jami'ar Tarayya ta Kashere karatun aikin gona na ji bayanin abin. Ta ɗebo ƙasar gonar a kwalba, ta ɗebo ta gefen maƙabarta inda garma ba ta taɓa shiga ba, ta jera su a tabarmata. Ɗaya baƙa, ɗaya kamar garin bulo. Ta ce, "Baba, baƙin nan ruɓaɓɓen ganye ne da saiwa da kashin dabba, fiye da rabinsa sinadarin kabon ne, wanda itatuwa ke zuƙowa daga iska. Shi ke riƙe ruwa da taki. In ana juya ƙasa kullum a zafin nan namu, ƙananan halittun cikinta su cinye shi da sauri, ya koma iska. Takin zamani shuka yake ciyarwa, ba ya mayar da wanda ya tafi." Ta zuba wa kowace ruwa. Baƙar ta shanye, jar ta yi kwance da ruwa a kanta. Na shinshina baƙar, sai ga Baffa a idona, na tashi na shige ɗaki.

Yaya ya tsufa yanzu, ina gaishe shi da ladabi, amma ban taɓa jin ya ce da ya bar biyun nan ba. Bara na tarar da 'yan gawo uku sun tsiro a ɓangarena, na kewaye su da ƙaya saboda awaki. Shi kuma nasa ɓangaren dillalan fuloti sun fara zagayawa, don tun da Gombe ta zama jiha a 1996 fili ya yi daraja. Zaman da muka yi a zauren Kawu kan wannan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.