Filastar Gwiwa Bayan Allurar PRP: Shawara Ga Masu Kai Iyayensu Asibiti

Yawancinku ba ku kai shekarun da gwiwa ke yin ƙara idan an tashi daga zaman tahiya ba, amma ku ne kuke kai iyayenku asibiti, ku ne kuke biyan kuɗin magani, kuma ku ake tambaya a gida idan likita ya ambaci wani sabon abu. Saboda haka nake so in yi muku bayani a kan allurar PRP da filastar da ake manna wa gwiwa bayanta, domin an yi mini duka biyun, kuma ban bi su yadda ya kamata ba.

Ciwon da ake magana a kansa shi ne zaizayewar guringuntsin da ke lulluɓe bakin ƙasusuwan gwiwa, wanda a gida akan sa shi cikin sanyin ƙashi. Ita PRP kuwa daga jinin mai ciwon ake haɗa ta: a ɗebi jini a hannunsa, a sa a injin da ke juya shi da sauri har ya rabu, a tsame ɓangaren da ƙwayoyin daskarar da jini suka fi yawa, sannan a yi allurarsa cikin gaɓar. Akwai waɗanda suka ce sun sami sauƙi da ita, sai dai hujjarta ba ta kai tsadarta ba. A wani bincike da aka yi a Ostireliya kan mutum 288, wanda aka wallafa a 2021, an yi wa rabinsu PRP, rabin kuma ruwan gishiri, kuma bayan wata 12 ba a sami bambancin a zo a gani tsakaninsu ba, ko a zafin ciwo ko a yawan guringuntsi. Tun a 2019 ma ƙungiyar likitocin cututtukan gaɓɓai ta Amurka ta ba da shawarar kada a yi ta don wannan ciwo. Ni na je da tunanin cewa sabon guringuntsi zai tsiro mini, ba kuma wanda ya yi mini wannan alkawari, ni ne ban tambaya ba. Kafin ku fitar da kuɗinku, ku tambayi likita ƙarara abin da yake sa ran allurar za ta yi, da tsawon lokacin da sauƙin zai ɗauka.

Filastar iri biyu ce. Akwai mai talewa, mai launi-launi, wadda wani ɗan Japan mai suna Kenzo Kase ya ƙirƙiro a shekarun 1970, kuma duniya ta santa sosai a jikin 'yan wasa a gasar Olamfik ta 2008 a Sin. Akwai kuma mai tauri, wadda Jenny McConnell ta Ostireliya ta fito da hanyar amfani da ita a shekarun 1980, ana jan ƙoƙon gwiwa da ita zuwa gefe don a rage gogayya. Aikinsu duka shi ne rage zafi muddin suna jiki, domin mutum ya iya motsa ƙafa, amma ba sa mayar da abin da ya zaizaye.

A nan na yi ɓarnar da ta fi girma. Da ma'aikacin fisiyo, wato mai gashin ƙashi a asibiti, ya manna mini filastar, na ji ƙafar ta yi sakayau, sai na ɗauka warkewa ce ta zo. Na koma hawa bene da yawon kasuwa, na watsar da motsa jikin da aka koya mini, alhali shi ne dalilin da ya sa aka manna filastar tun farko. Gwiwar ta kumbura, ni kuma na aika kemis aka sayo mini diclofenac. Daga baya na ji cewa likitoci kan hana shan irinsa da ibuprofen na ɗan lokaci kafin allurar da bayanta, saboda suna taɓa aikin ƙwayoyin da aka biya kuɗi aka zuba, kuma farasitamol suka fi yarda da shi. Ku sa ido a nan, domin dattawanmu ba sa ɗaukar maganin kemis a matsayin abin da ake faɗa wa likita.

Sai kuma na fara manna ta da kaina. Na shafa man zafi, na ja filastar iya ƙarfina tun daga bakinta, na bar ta ta wuce wa'adinta a tsakiyar bazara, zufa tana taruwa a ƙarƙashinta. Ranar da na fizge ta, ta taho da gashi da saman fata, ta bar mini jan sawu da ƙananan ƙuraje masu ruwa a daidai inda bakinta ya zauna. Ƙa'idar mai talewar ita ce fata ta kasance a wanke, a bushe, ba mai, a yanke kusurwoyinta su yi zagaye, kada a tale bakinta biyu, kada a ɗora ta a kan ramin allurar sai ya warke, a cire ta bayan kwana 3 zuwa 5 a hankali ta inda gashi ya kwanta. Idan ta fara ƙaiƙayi a cire nan take. Mai ciwon suga da tsohon da fatarsa ta yi laushi kada a manna musu sai ma'aikacin lafiya ya duba.

Abin da ya fi duka biyun hujja shi ne wanda ba a so a ji: ƙarfafa naman cinya da rage ƙiba. An auna cewa kowane kilo ɗaya da mai ƙiba ya rage yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo 4 a kowane taku. Sandar dogarawa ma magani ce, ana riƙe ta a hannun da ke kishiyar ƙafar da ke ciwo, haka nan masai na zama maimakon na tsuguno, da kujera a wajen salla, wadda addini ya yarje wa mara lafiya. Kunya ce ta hana ni waɗannan, kuma ita ce za ta hana iyayenku, don haka ku lallaɓa su da ladabi, ku sayo kayan ku ajiye ba tare da kun jira sun nema ba.

Ɗan ciwo da kumburi na kwanaki kaɗan bayan allurar abu ne da aka saba gani. Amma idan gwiwar ta yi zafi rau, kumburin yana ƙaruwa, zazzaɓi ya shigo, ko mutum ya kasa taka ƙafar, to a cire filastar a tafi asibiti a ranar, domin ƙwayar cuta ka iya shiga gaɓar ta hanyar allura, kuma tana lalata ta cikin 'yan kwanaki idan aka tsaya jinyar gida.