Ƙibar da Aka Yi Mini Barka da Ita

Bayan na kammala kemo (magungunan kashe ƙwayoyin sankara) da gashin sankara da na'ura a asibitin koyarwa na Shika saboda sankarar mama, aka ɗora ni a kan tamoxifen, maganin rage haɗarin dawowar cutar, ƙwaya ɗaya kullum har tsawon shekara 5. Cikin wata 14 nauyina ya tashi daga kilo 64 zuwa 76. Duk wanda ya zo dubiya gidanmu a Tudun Wada sai ya ce, "Masha Allah, kin murmure," domin a wurinmu idan majinyaci ya yi jiki, ai ya tsallake ke nan. Ni kuwa na san halin da nake ciki: daga azahar ciki ya kumbura, bayan gida sai an kwana uku, ga kasalar da ko shara ba ta barina in gama.

Likitar da ke duba ni ce ta fara ce mini, "Hajiya, wannan jikin ba na murna ba ne." Ta bayyana mini cewa irin sankarar da aka cire mini da istrojin, sinadarin da jikin mace ke samarwa, take girma, kuma idan al'ada ta ɗauke, kamar yadda kemo ya ɗauke tawa tun ina da shekara 44, kitsen jiki ne ke zama babbar hanyar samar da shi. Daga nan ta shiga batun hanji, wanda ban taɓa kawo shi cikin lissafi ba. A cikinsa akwai tiriliyoyin ƙwayoyin bakteriya masu amfani, waɗanda ke cin dusa da zaren ganye da cikin mutum bai iya narkarwa, su mayar da su sinadaran da ke ciyar da bangon hanji, suna rage kumburi. Wasu daga cikinsu kuma suna iya kwance istrojin ɗin da hanta ta ɗaure don a fitar da shi, ya sake komawa jini. Kemo da antibayotik da na sha a lokacin jinya sun hargitsa su, ni kuma na ƙara musu yunwa da farar shinkafa, burodi da lemon kwalba.

Kuskurena na farko gaggawa ce. Na ji an ce wake yana da amfani, sai na mayar da shi abincin safe da na dare, cikina ya ɗaure kamar ganga, na kwana biyu ban runtsa ba. Da na koma, aka ce in riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan tare da ruwa mai yawa, saboda hanji yana buƙatar makonni kafin ya saba.

Abin da ya fi yi mini aiki shi ne rage surfe. Na hana a surfa mini gero da dawa su yi fari fat. A wanke su a kai niƙa da dusarsu. Tuwon ya yi duhu, yara suka yi ta ƙorafi, amma da miyar kuka ko kuɓewa da daddawa sai ya shige. Da rana nakan yi kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli. Nono kuwa na daina saye a ƙwarya, ba don raina masu talla ba, sai don jikin da ya sha kemo bai kamata ya yi kasada da madarar da ba a tafasa ba. Ina tafasa madarar da kaina, in bar ta ta huce, in zuba cokali biyu na kindirmon jiya, in rufe har safe, in dama fura ba sukari.

Na haɗa da tafiyar minti 30 bayan sallar asuba, kwana biyar a mako, wato minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara. Tamoxifen kuwa ko rana ɗaya ban tsallake ba, kuma ina jin zafin masu cewa abinci ko jiƙo zai maye gurbinsa.

Cikin mako shida bayan gida ya daidaita, barci ya dawo, alhali sikeli bai motsa ba sai a wata na huɗu. Yanzu ina kilo 70. Da yayata ta zo daga Samaru ranar Juma'a, ta dube ni ta ce, "Ke kuwa lafiya kike ramewa haka?" Na ce, "Yaya, zauna ki ci tuwon nan tukuna, in ba ki labari."