Abin da Aikin Kwamitin Rance Ya Koya Mini Game da Kuɗin Motar Hannu

Aikin da na yi na sakataren kwamitin rance a ƙungiyar adashin ma'aikata ta wurin aikinmu a Kano ya sa takardun sayen mota da yawa sun bi ta hannuna, kuma da yake ni ne mai bibiyar biyan bashin wata bayan wata, nakan ga abin da dillali ba ya gani, wato yadda mai motar yake ƙarewa bayan an gama yi masa murna da addu'ar Allah ya tsare. A nan na gane cewa tambayar da kowa yake zuwa da ita, ta nawa ya dace a kashe wa motar hannu, ba a bakin dillali amsarta take ba. Amsar tana cikin abin da zai saura a hannun mai saye ranar da ya karɓi makulli, da kuma abin da albashinsa zai iya ciyar da motar da shi kowane wata ba tare da an taɓa kuɗin cefane ba.

Yawancin masu neman rance sukan haɗa abin da suka tara da abin da ƙungiya za ta ba su, sai su ɗauki jimillar a matsayin farashin motar da za su nema, har ma su yi ta ja da dillali don a sallama musu wadda ta ɗan fi ƙarfin kuɗin nasu. Abin da ba ya shiga wannan lissafi shi ne hidimar makon farko, wadda ba ta jiran sabon albashi. Akwai la'adar dillali, da takardar canjin mallaka, da lamba idan motar ba ta taɓa yin rajista a ƙasar nan ba, da lasisin mota, da inshora, wadda mafi ƙarancinta ga motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 tun daga watan Janairun 2023. Bayan takardu sai jikin motar: juyen baƙin mai da canjin matatarsa, man giya, birki, batir, sannan tayoyi, waɗanda su ne suka fi cin kuɗi a wannan mataki. Kowace taya tana ɗauke da lambobi huɗu a gefenta masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara 4 a matsayin wadda wa'adinta ya ƙare, ko da zanenta bai goge ba. Mota tana iya yin ƙyalli a filin dillalai alhali tayoyinta huɗu duk na canzawa ne. Saboda haka shawarar da na riƙa bayarwa, kuma har yau ina kanta, ita ce mutum ya ware kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa kafin ma ya taka wurin masu sayarwa. Wanda yake da naira miliyan 6, motar miliyan 4 da dubu 800 yake nema, kuma ya fi masa alheri ya ɓoye wa dillali ragowar, domin duk adadin da dillali ya ji, za a samo motar da ta cinye shi tas.

Babban darasin ya zo ne a shekarar 2023. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya bayyana ƙarshen tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Wasu daga cikin abokan aikinmu da suka sayi motoci masu silinda shida a lokacin da mai yake da sauƙi sun lulluɓe su a gida sun koma hawa Adaidaita Sahu, ga kuma kuɗin rance ana ci gaba da cira daga albashinsu. Babu abin da ya lalace a motocin nan, man zubawa ne kawai ya gagara.

Lissafin ba shi da wuya, sai dai mutane ba sa son yin sa kafin saye. A ɗauka mutum yana tafiyar kilomita 1,000 a wata, tsakanin zuwa aiki da kai yara makaranta da zirga-zirgar ƙarshen mako, kuma motarsa tana shan lita 10 a kowane kilomita 100. Wannan lita 100 ke nan, kuma idan aka ƙaddara lita a kan naira 900, kuɗin mai kaɗai ya kai naira 90,000, wato ya zarce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024. Idan kuwa babbar mota ce mai shan lita 14 a cunkoson gari da na'urar sanyi a kunne, kuɗin zai koma naira 126,000, kuma bambancin naira 36,000 da ke tsakani ya zama naira 432,000 a shekara. Ana iya samun motocin nan biyu a jere a fili ɗaya da farashi ɗaya, wani lokaci ma babbar ta fi araha saboda masu nemanta sun ragu, amma wanda ya saye ta zai biya wannan arahar a gidan mai kafin shekara biyu ta zagayo.

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce abin da za a cire daga albashin ma'aikaci a wata ɗaya kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku, kuma da wannan ma'auni kwamitoci irin namu suke duba ko mutum ya cancanci rance. Sai dai dokar abin da ake cira a ofishin albashi kawai take kallo, ba ta san mai gidan mai ba, ba ta san bakanike ba. Mutum yana iya cika sharaɗin a takarda, amma idan aka haɗa biyan bashi da mai da gyara, a tarar rabin albashinsa ya tafi ga mota. A ganina, idan waɗannan abubuwa uku a haɗe suka wuce kashi ɗaya cikin huɗu na abin da yake shiga hannun mutum, to an fara takura wa gida, idan kuwa suka haura kashi ɗaya cikin uku, motar ta fi ƙarfinsa komai kyan cinikin. Na san wannan ma'auni yana nufin ma'aikata da dama lokacin motarsu bai yi ba tukuna, kuma faɗin haka ga dattijon da ya shekara ashirin yana aiki ba abu ne mai daɗi ba, amma ya fi sauƙi a kan zaman da ake yi da shi daga baya idan ya zo neman a ɗaga masa ƙafa.

Akwai kuma iyaka ta ƙasa, wadda ba a cika maganarta ba, domin araha ba ta ado. Motar da farashinta ya faɗi ƙasa da na takwarorinta sosai tana da dalili, kuma dalilin ba ya wuce takarda ko tarihi ko inji. Tun daga ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma motocin Kwatano ba su daina shigowa ta ɓarauniyar hanya ba, wasu babu takardar kwastan, wasu kuma da ta jabu. A tsarin da aka fara aiki da shi a 2022, motar hannu da aka shigo da ita tana biyan kashi 20 cikin 100 na harajin kwastan da ƙarin kashi 15 cikin 100, ban da harajin VAT, saboda haka wanda ya tsallake wannan biya yana da sararin da zai yi ragin da zai ruɗi mai saye. Ranar da jami'an kwastan suka tare motar a kan hanyar Kaduna ko ta Katsina, mai riƙe da sitiyari ne zai amsa tambaya, kuma ragin da aka yi masa ba zai kai abin da zai kashe kafin ya karɓo ta ba, idan ma ta karɓu. Ta fuskar tarihi kuwa, motoci da yawa da ake kawowa daga Amurka an saye su ne a gwanjon kamfanonin inshora bayan haɗari ko ambaliya, a gyara jikinsu a nan a yi musu fenti. Wadda ta yi ƙaramin haɗari aka gyara ta da kyau ba laifi ba ne a saye ta a farashinta, amma wadda ruwa ya taɓa cinyewa matsalar wayoyinta ba ta ƙarewa.

Shi ya sa kuɗin da ya fi kowane amfani a cikin cinikin gaba ɗaya shi ne ɗan abin da ake biyan bakanike ya duba motar, da sharaɗin ya zama na mai saye ne, ba wanda dillali ya kira ba, kuma a yi dubawar kafin a ba da kafin alƙalami. A je da sassafe a tayar da injin yana sanyi, domin hayaƙi mai shuɗi da ƙarar da bai kamata ba sukan ɓuya idan an riga an ɗumama shi. A ɗaga darduman ƙasa a nemi tsatsa ko busasshen taɓo, a sa kwamfuta ta karanta bayanan matsalolin da ƙwaƙwalwar motar ta ajiye, a tabbatar ba a cire indomi, wato matatar hayaƙi, daga salansa ba, sannan a gwada lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da ke jikin mota da wadda ke takarda, a kuma bincika ta a intanet idan motar Amurka ce, don sau da yawa hotunan ranar gwanjonta suna nan. A lura kuma cewa motar Amurka da mil take ƙirga tafiya, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne, saboda haka 150,000 da ke kan allo kilomita 240,000 ne, wannan ma idan ba a mayar da agogon baya ba.

Nau'in motar ma yana canza ma'anar farashinta. Kafin mutum ya yanke shawara, yana da kyau ya shiga kasuwar Ƙofar Ruwa, ko Panteka idan a Kaduna yake, ya tambayi kuɗin inji da na akwatin giya da na shokazoba na motar da yake so, ya kuma lura ko kowane shago yana da su ko sai an aika Ladipo a Legas. Toyota Corolla da Camry suna da tsada fiye da shekarunsu ne saboda kayansu suna ko'ina, kowane bakanike ya san cikinsu, kuma ranar da aka tashi sayarwa ba sa kwana a fili. Peugeot ta daɗe tana cin irin wannan moriya a Arewa saboda masana'antar haɗa ta da aka buɗe a Kaduna a 1975, wadda ta sa aka yi zamani guda na kanikawa da suka tashi a kanta. Tsohuwar motar alfarma ta Jamus kuwa farashinta ne kaɗai yake tsufa, kuɗin kayan gyaranta yana nan a matsayin da aka ƙera ta domin shi.

Wata hujja da aka riƙa kawo mana bayan 2023 ita ce mota kadara ce, gara a zuba mata kuɗi da yawa tunda kullum tashi take yi. Gaskiya ne akwai waɗanda suka sayar da motocinsu fiye da yadda suka saya, amma abin da ya faru shi ne dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin gwamnati kafin watan Yunin 2023 zuwa sama da naira 1,500 a watan Fabrairun 2024, kuma da farashin dala ake sayo motar a waje, da shi ne kwastan suke lissafa harajinta. Naira ce ta faɗi, motar kuwa tana ta tsufa kamar kullum, kuma waɗanda suka sayar suna murnar riba sun tarar kuɗin ba zai iya maido musu irin wadda suka rabu da ita ba.

Abin da ba ya fitowa a takardar neman rance shi ne cewa motar mutum a wajenmu ba tasa ba ce shi kaɗai. Ita za ta kai maƙwabciya asibiti da tsakar dare, ita za ta shiga ɗaukar amarya, ita za ta kai iyali gida da Sallah, kuma ƙani zai ara ya dawo da ita tanki a bushe ba tare da an iya yi masa magana ba. Wannan zumunci ne mai lada, ba na kuma ganin laifinsa, sai dai yana da kuɗi, kuma wanda ya ƙure ƙarfinsa a wurin saye zai wayi gari yana ƙirƙiro uzuri ga mutanen da ya sayi motar don ya yi musu hidima.

Ga wanda zai saya da bashi, ko na ƙungiya ne ko na murabaha inda ake sayo motar a sayar masa da ƙarin riba sananniya, adadin da ya kamata ya duba shi ne jimillar abin da zai biya har ƙarshe, ya gwada ta da farashin kuɗi hannu, domin ƙanƙantar biyan wata tana ɓoye tsawon lokaci. Tsawon lokacin kuwa dole ya yi daidai da sauran ƙarfin motar. Motar da ta riga ta shekara 15 kafin ta shigo hannu, idan aka shimfiɗa bashinta a kan shekara 4, akwai yiwuwar ta nemi inji ko akwatin giya tun ana tsakiyar biya, kuma a lokacin ƙungiya ba za ta ba da sabon rance ba sai an gama na farko. Saboda wannan ne na riƙa roƙon kwamiti da kada rancen tsohuwar mota ya wuce shekara biyu, wanda kuma biyan shekara biyu ya yi masa nauyi, mukan ce ya rage kuɗin motar ko ya ƙara zubin adashi zuwa baɗi.