Laraba: ranar da 19.4 ta hana ni sukuni

Sai yanzu wajen sha ɗaya na dare na rufe kwamfuta, idona har yaji yake yi, amma bari in rubuta tun abin yana da zafi a raina.

Aikin dai kamar ba wani abu ba. Shafi ɗaya ake so in gina wa asibiti, likita ya buɗe a burauza ya ga jerin masu ciwon suga da gwajinsu na ƙarshe, wanda sugansa ya yi ƙasa da 70 mg/dL (ma'aunin suga a jini kenan) ya fito da ja, wanda ya haura 180 ya fito da ruwan ɗorawa, shi ke nan. Bayanan kuma ba a takarda suke ba balle a ce sai an yi fama da rubutun hannun likita, suna cikin saba, kwamfutar da ke ajiye bayanan kenan, mai magana da FHIR R4, wato tsarin musayar bayanan lafiya da ƙungiyar HL7 ta fitar, ka tura tambaya ta API, ƙofar da kod ke bi ya yi magana da saba, ta dawo maka da amsa a tsarin rubutu na JSON tsaf, Patient (mara lafiya) daban, Observation (sakamakon awo) daban, Condition (ciwon da ke damunsa) daban. Sati guda ina gwada kod ɗina da marasa lafiyan ƙarya da manhajar Synthea ke ƙirƙira, na loda su a sabar HAPI FHIR da na kafa a kan kwamfutata, komai lafiya lau. Yau ne aka ba ni izinin gwadawa da kwafin bayanan gaske wanda aka cire sunaye da lambobin waya da adireshi.

Tun ƙarfe tara na fara cin karo. Na nemi duk mai E11 na jerin lambobin cututtuka na ICD-10, ciwon suga nau'i na biyu kenan, sai na ga mutum 20 kacal, asibiti guda kuma? Ashe shafin farko ne kawai na ɗauka, Bundle ɗin, wato ƙunshin amsar da saba ta dawo da shi, yana da link mai suna next da ya kamata in yi ta bi har ya ƙare. Wannan minti goma ya ci. Sai awon hawan jini ya dawo babu komai, na duba na ga lambobin ba sa cikin valueQuantity, gurbin da aka saba sa lambar awo, suna ƙunshe cikin component, awon sama da lambar 8480-6 a LOINC, tsarin da ke ba kowane gwaji lambarsa, na ƙasa 8462-4. Shi ma na gyara. Ana cikin haka makullin shiga ya ƙare saba ta watso min 401, wato ba ni da izinin shiga, na sa kod ya riƙa sabunta shi da kansa. Duk waɗannan irin matsalar da nake so ce, wadda ke yin ihu ka ji ta.

Wajen sha biyu da rabi shafi ya tashi, sai na ga ja ya cika allo. Layi bayan layi, 6.8, 7.4, 5.9, 11.2. Na tsaya ina kallo, zuciyata tana ce min akwai abin da ba daidai ba amma ban kama bakin zaren ba, sai na ɗauki hoton allon na tura wa likitar da aka haɗa ni aiki da ita, na rubuta mata, Dakta don Allah in kin samu sarari ki duba min wannan, anya mutanen nan duka sugansu ya faɗi haka? Ba ta ma rubuto amsa ba, kira ta yi. Ta ce malam, mutumin da sugansa yake 6.8 a mg/dL ba a zaune za ka same shi yana jiran layi ba, waɗannan mmol/L ne, wani ma'aunin daban, ka ninka da 18 ka samu mg/dL. Na ninka, 6.8 ta zama 122, lafiyarsa ƙalau.

Sai ta ce in gangara ƙasa kaɗan, akwai wani layi da ta hango. 19.4.

Na ninka, kusan 350. Wato mutumin da sugansa ya yi mugun hawa, shafina ya shafa masa ja ya jera shi cikin waɗanda nasu ya faɗi, saboda a wurin kod ɗin 19.4 bai kai 70 ba. Kuma abin da ake yi wa mai faɗuwar suga kishiyar abin da ake yi wa mai hawa ne, ɗaya a ƙara masa, ɗaya a sauke. Ta ce ba likitan da zai ga wannan ya ruɗe, da ido ɗaya za a gane, na yarda da ita, amma ni abin da ya tsaya min a wuya shi ne ba don likitan da ke da lokaci ake gina shafin ba, don wanda aiki ya sha masa kai ne, wanda zai kalli launi kawai ya wuce. Wallahi sai da na tashi daga kujera na ɗan zagaya kafin na iya komawa.

Da na bi diddigi na gano tushen. Ɗakunan gwaji biyu ne ke turo sakamako. Ɗaya kai tsaye yake zuba FHIR, ɗayan tsohuwar na'ura ce mai aika saƙo da tsarin HL7 v2, wanda tun wajen ƙarshen shekarun 1980 ake amfani da shi, layi-layi da sanduna a tsakani, MSH a sama, PID na mara lafiya, OBX na sakamako. A OBX ɗin gurbi na biyar lambar ce, na shida ma'auninta. Ba wanda ya ɓoye min komai, ma'aunin yana nan a JSON ɗin, valueQuantity yana da value yana da unit yana da code na UCUM, tsarin rubuta ma'auni, ni ne na ciro value na bar sauran. Har LOINC ma ya raba su, 2339-0 suga a jini da nauyi, 15074-8 da mol, wato mmol/L, ni kuma na haɗa su a tambaya ɗaya don kar in rasa kowa, sannan na manta dalilin da ya sa tun farko aka ba su lamba biyu. Bayanan gwajin da na yi sati ina wasa da su duk ma'auni ɗaya ne, shi ya sa ban taɓa gani ba.

Tunda na tsorata sai na ce bari in daina yarda da kaina, na rubuta ɗan kod da zai ƙirga min kowace irin siffa da sakamakon suga ke zuwa da ita. A nan na ga abin da ya fi na farko ɗaga min hankali. Akwai 'yan layuka da babu valueQuantity sam, valueString ne, wato rubutu ba lamba ba, an rubuta HI. Na'urar gwajin yatsa ce ke nuna haka in sugan ya wuce iyakar da za ta iya aunawa. Kod ɗina yana yi masa parseFloat don ya mayar da shi lamba, ya samu NaN, wato ba lamba ba ce, kuma a JavaScript in ka tambaya ko NaN ya fi 180 amsar a'a ce, ko bai kai 70 ba, nan ma a'a. Don haka ba ja ba ɗorawa, fari fat kamar mai lafiya. Mutumin da ya fi kowa buƙatar a gan shi, shi ne ya ɓace, ba kuskure a allo, ba komai a log, inda kod ke rubuta abin da ya faru, shiru.

Sauran ƙanana ne amma su ma na kwashe su: sakamakon da status ɗinsa entered-in-error ne, wato an shigar bisa kuskure an soke, ina nuna shi kamar na gaske, da wanda ya zo da alamar < a gurbin comparator, wato ƙasa da kaza, wanda nake jefar da alamar in riƙe lamba.

Daga la'asar zuwa dare na sake rubuta wannan ɓangaren gaba ɗaya. Yanzu ɗan kod ɗaya ne ke karɓar Observation, kuma abu uku kawai zai iya dawowa da shi: lamba da ma'auninta an juya zuwa mg/dL, ko alamar ya wuce awo, ko ban gane ba. Wannan na ukun shi na fi daɗewa a kai. Da farko na so in sa dabara, in babu ma'auni kuma lambar ba ta kai 35 ba a ɗauka mmol/L ce, har na rubuta, sai na tuna mai 32 mg/dL na gaske, wanda yake gab da suma, dabarar tawa za ta ninka shi da 18 ta mayar da shi 576. Na goge. Duk abin da kod bai gane ba yanzu yana hawa can saman shafi cikin akwatinsa daban, da ainihin abin da aka rubuta, mutum ya duba da idonsa. Abokin aikina ya ce akwatin zai ɓata kyan shafin, na ce ya ɓata ɗin.

Na kuma cire wani console.log da na bari yana zubo bayanan Patient sukutum a log. Yau ba suna a ciki, amma ranar da aka jona da saba ta gaske da sunan mutum da ranar haihuwarsa za su zauna a log inda ba su da hurumin zama.

Na rubuta gwaji goma sha huɗu, na farko 19.4 mmol/L dole ya fito a masu hawa, na biyu HI dole ya fito a sama. Duk sun wuce. Na tura wa Dakta sabon hoto wajen goma, ta amsa da cewa madalla, da safe za ta zauna da sista mai kula da masu sugan su bi layi hamsin ɗaya bayan ɗaya su gwada da abin da ke cikin fayil.

Gobe kuma kwanan wata. Na riga na hango wasu effectiveDateTime, wato lokacin da aka yi gwajin, da shekara da wata kawai, ba rana, FHIR ya halatta haka, ni kuma da su nake tantance wane gwaji ne na ƙarshe.